Sunan da Na Kira a Kwatano

Ni ba matafiyiya ba ce. Duk Gangara an sani, ko kasuwar Cadawa aka ce in je sai na kwana biyu ina neman wanda zan aika. Ina son ɗakina, ina son inuwar bedin ƙofar gidanmu, in zauna ina tsinkar zogale ina surutu da duk wadda ta gitta. Amma ga ni ran nan a bakin kogi a Gaya, da rabin buhun gero a gabana, ƙafafuna sun kumbura don zaman mota, ina kallon ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba.

'Yar fari ce ta fito da ni. Kun san halinmu: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsayawa ta dube shi ido cikin ido. Tawa kuma kunyarta biyu ce, don sunan uwar mijina aka sa mata. Ana yaye ta Hajiya Mairo, yayar maigidana, ta goya ta ta tafi da ita Kwatano, inda take sayar da atamfa. A shekara goma sha huɗu sau uku na gan ta, shi ma ta gefen ido.

Hotunanta dai suna zuwa a salular maigida. Kumatu kamar an hura, hannu ya yi damtse. Matan gida su taru a kai suna cewa, "Tubarkalla! Habsu, ɗiyar Hajiya ta samu wuri. Dubi jiki!" Ni sai in ce na bar tukunya a wuta, in shige ɗaki in yi murmushina ni kaɗai.

Sai bayan an gama kai amfanin gona gida Hajiya ta aiko da saƙon murya. Ta ce, "Habsu, yarinyar nan ta ishe ni. Kullum kwance, kullum gajiya, zuwa makarantar lakol ma sai mun yi faɗa. Ni kuwa ina kasuwa tun safe har magariba. Ki zo ki kama mani gida, ki riƙa dama fura kina sayarwa, ki samu na kanki kafin damina." Na saurari saƙon ya fi sau bakwai. Kalma ɗaya ta tsaya mani a rai: kwance. 'Yar shekara goma sha shida me za ta yi a kwance?

Gadar Gaya a rufe take, sai dai kwalekwale. Ina tsaye ban san gabas ba ban san yamma ba, sai ga wani mutum da hula da carbi, Hausarsa irin tamu sak.

"Inna, daga ina? Gangara? Allah sarki! Ai uwata 'yar Agiye ce, nan kusa da ku. Ke tawa ce. Kawo buhun, nan kaya jirginsu daban, mutane nasu daban. Kina sauka za ki ishe shi yana jiran ki."

Har albarka na sa masa. Na shiga kwalekwalen na rufe ido, ba abin da nake karantawa sai ƙulhuwallahu, ruwa yana lasar bakin katako dab da yatsuna. Muka sauka Malanbil, na zauna a kan wani dutse ina duban kowane jirgi da ya iso. Azahar ta yi. La'asar ta yi. Wata Bazabarma mai soya kifi da ta daɗe tana kallona ta taso, ta ce da 'yar guntuwar Hausarta, "Gero ya tafi. Ke ma tafi." Ta naɗe mani kifi biyu a takarda, ta kama hannuna kamar makauniya har bakin motar Kwatano, ta yi wa direba faɗa da wani yare har sai da ya ba ni wurin taga. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin yana damuna. Abin da ya rage mani daga gida shi ne ƙullin daddawa da kuka da busasshen zogale da na cusa cikin tufafina.

Daga Kandi zuwa Faraku itatuwa suka yi ta ƙaruwa, Hausa tana raguwa, har ya zama a motar nan babu wanda zan ce wa wash ya ce sannu. Ni da ban iya rufe baki ba, na yi yini guda ban yi magana da kowa ba. A kowane shinge in an karɓi katina na shaida sai in bi shi da ido har a maido. A Faraku na ari wayar yaron mota na kira Hajiya in ce mun kusa. Ta ce, "To, Allah ya kawo ku. Yau ma ba ta tashi ba."

Kwatano zafinta jiƙaƙƙe ne, kamar an rufa maka wankin da bai bushe ba. Babura kuwa kamar fara, duk masu su da riguna rawaya. Gidan Hajiya a Zango yake, ɗaki biyu da falo. Muna shiga na ji an ce, "Sannu da zuwa, Tanti."

Tanti, yadda suke kiran babbar macen da ba uwa ba. To, me za ta ce? Hajiya ce Mamanta. Na dubi ƙafafunta na amsa wa bango. Sai da ta juya na saci kallo. Jikin yana nan, amma ba irin na hoto ba: rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, leɓenta ya bushe ya tsage, bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Hajiya ta ga inda idona ya tsaya.

"Kin gani ko? Ƙazanta! Sabulu iri uku na saya mata da soson ƙarfe, wuyan nan ya ƙi fita."

"Mama, wallahi ina cuɗawa," in ji ta, ta ɗaga wata babbar robar ruwa ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta kusa rabi.

A kwana uku na gane gidan. Ba a hura wuta. Tukwanen Hajiya har ƙura sun yi. Da safe za ta ajiye kuɗi a kan firigo ta fita. Yarinya ta aika a sayo mata burodi a shafe shi da mayonez har yana ɗiga, da shayin da madarar gwangwani ta yi masa kauri. Da rana taliyar leda soyayya da ƙwai. Da yamma shawarma, wani nama ne da ake naɗewa cikin burodi da farin maiƙo, ga soyayyen dankali a gefe. Kowanne kuwa da lemon kwalba ake kora shi. Na tambayi Hajiya a kaikaice tun yaushe ake haka. Ta ce tun tana 'yar shekara goma, da kasuwa ta buɗe.

Kada wani ya ce mugunta ce. So ne. Hajiya ta ce mani, "Habsu, ni da kunun kanwa ba sukari na tashi. Ɗiyata ba za ta ga abu a hannun 'yan lakol ta haɗiye yawu ba."

Na sayi gero a kasuwarsu, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar Gangara, na sa duk iyawata. Yarinyar ta fito daga ɗaki tana toshe hanci.

"Mama, mi ke wari haka?"

Hajiya ta fashe da dariya. "Turaren garinku ne, 'yar ƙauye. Zauna ki ci, Tantinki ta sha wahala."

Loma biyu ta yi don kara, ta wanke hannu. Na kwashe kwanon na shiga madafa, na daɗe ina wanke abin da ya riga ya fita.

To, ni ba zan iya zama kusa da ita in ce ina ke maki ciwo ba. Ba zan iya dafa goshinta ba. Abin da na dafa kuma ba ta so. Sai na ga abin da take so. Ran da na fara sayar da fura, da la'asar na je shagon kusurwa na sayo lemo mai sanyi, na ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, na koma tsakar gida na juya baya. Can na ji ƙofa ta buɗe, na ji murfin ya yi tsss. Wallahi daɗin da na ji bai faɗuwa. Kashegari na sake. Wannan ta zama hirarmu, ni da ita: in ajiye, ta ɗauka. Da na ga kasalar tana ƙaruwa, wata maƙwabciya ta ce ƙarancin jini ne, a haɗa mata lemon malti da madarar gwangwani. Na ƙara da wannan, safe da yamma.

Sati uku muna haka. Idona kuwa yana aiki, don wanda ba ya magana gani yake yi. Na ga randar da na cika da yamma ta wayi gari a ƙasa. Na ga wani ƙurji a ƙaurinta, tun zuwana yana nan, ya ƙi kamewa. Na ga tana kai waya har bakin hanci kafin ta karanta. Sai wata safiya na shiga makewayi bayan ta fito, na ga tururuwa sun yi layi, sun taru baƙi a inda ta yi fitsari.

Na san tururuwan nan. Ni na yi jinyar uwar mijina, mai sunan, shekara biyu. Haka suke bin ta. Haka wani ɗan ƙurji ya fito mata a yatsa, ya ci ƙafar, aka kai ta likita a Maraɗi, ba ta dawo ba. Amma sai na ce wa kaina, kai, ciwon sukari na tsofaffi ne, ina ruwansa da yarinya? Kuma in na yi magana, me na ce ke nan? Na ce Hajiya ba ta iya riƙo ba. Uwar da ta ba da ɗa ba ta bin sa da ido.

Duk da haka na gwada. Muna cin abinci na ce, "Hajiya, yarinyar nan, ruwan da take sha bai yi yawa ba?"

"Zafin Kwatano ne. Ke ma in kin daɗe haka za ki koma." Sai ta dube ni tana murmushi. "Ke Habsu, yaushe kika fara sa wa ɗiyata ido? Ko kunya ta ƙare a Gangara?"

Wasa take yi, amma sai na ji kamar an tuɓe mani zane a kasuwa. Ban sake tada maganar ba.

Ran nan ban sayo lemon ba. Na zauna ina dama fura, kunnena yana ƙofar yarinyar. La'asar ta yi, ta buɗe, ta duba ƙasa, babu komai. Sai na ji takunta har bayana. Tun zuwana ba ta taɓa nufo ni da magana ita da kanta ba.

"Tanti, yau babu?"

Muryar a sanyaye, kamar ta ƙaramin yaro. Ku faɗi duk abin da za ku faɗa. Na ajiye ludayi, na yafa gyale, na je na sayo.

Bayan kwana huɗu Hajiya ta yi sammakon zuwa Lome sarin kaya, ta ce sai gobe. Da hantsi na ji amai. Na tsaya a bakin ƙofa ina cewa, "Sannu. Ke, sannu." Ta ce cikinta. Ta ce ruwa. Na kawo, ta sha, ta amayar. Na ce ko yunwa ce, na miƙa mata sauran maltin safe, ta kurɓa, shi ma ya dawo. Numfashinta ya canja, tana jan shi daga can ƙasa kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani ƙamshi irin na mangwaron da ya fara ruɓa. Na kira Hajiya, waya ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Da na waiwayo sai na ga kanta ya langaɓe a jikin gado, idon a buɗe rabi, ba ya kallon komai.

Ban san lokacin da na fita titi ba ɗankwali ba. Ihu nake da Hausa, masu jin ta duk sun tafi kasuwa. Wata tsohuwa mai sayar da lemon zaƙi a ƙofar gida, wadda ko gaisuwa da hannu muke yi, ita ta shigo ta duba, ta fita ta tare mai babur. Mu uku muka ciccibo ta. Aka zaunar da ita a tsakiya, ni a baya, tsohuwar ta kwance zanenta na sama ta ɗaure mu tare, ni da ita, tamau. Rabon da jikinta ya taɓa nawa tun ran da aka yaye ta. Kanta yana bugun kafaɗata, ina jin zafin wuyan nan da aka ce ƙazanta ce.

A likita aka kwantar da ita, aka yi ta yi mani Faransanci, ni kuwa sai juya hannu nake. Can aka kira wata malamar jinya, doguwa, 'yar Kandi, tana jin Hausa. Ta soki yatsan yarinyar, ta ɗiga jinin a wani ɗan inji, ta duba. Na ga fuskarta ta sauya, ta yi wa sauran magana da sauri, aka fara guje-guje da robar ƙarin ruwa.

Ta juyo gare ni. "Ke wace ce tata?"

"Ɗiyar yayar mijina ce," na ce. Bakina ne ya faɗa, haka ya saba.

"To ina uwarta? Muna son wanda ya san ta. Tun yaushe take haka? Akwai mai sukari a danginsu? Yi sauri, baiwar Allah, yarinyar nan tana bakin rami."

Na dubi gadon. An ɗaga hannunta ana neman jijiya, hannun ya faɗo kamar tsumma.

"Ni ce," na ce. "Ni na haife ta."

Daga nan bakin ya ɓalle. Na faɗi randa, na faɗi ƙurji, na faɗi ido, na faɗi tururuwa, na faɗi kakarta da ƙafarta. Malamar tana juya wa likita, shi yana rubutu. Sai ta tsaya ta dube ni.

"Duk kin ga wannan kika yi shiru?"

Ba ta jira ni ba, ta ci gaba.

"Yau mi ta ci? Mi ta sha?"

"Malti da madara," na ce. "Ni na ba ta. Kullum ni ke ba ta."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Ta dai ja numfashi ta ce, "Sunanta?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta ce, "Na san al'adar, mu ma muna da ita. Amma nan ba wurinta ba ne. Zo nan, kama hannunta. Kira ta da ƙarfi, ina son in ga ko tana ji."

Na kama hannun. Shekara goma sha shida sunan nan yana bakina ban taɓa fitar da shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na farko iska ce kawai ta fito. Na biyu ni ma ban ji ba.

"Balkisa," na ce. "Balkisa! Balkisa, ki dube ni!"

Fatar idonta ta motsa. Yatsunta suka ɗan matse nawa, kaɗan, kamar jariri. Malamar ta ce, "Yauwa. Ci gaba, kada ki daina." Ban daina ba. Na biya bashin shekara goma sha shida a yinin nan, har muryata ta dishe.

Hajiya ta iso kashegari, ko kayan ba ta tsaya ɗauka ba. Likita ya zaunar da mu, malamar tana fassara. Ya ce ciwon yana cikin jini, gadon kaka ne, amma da wataƙila sai ta manyanta zai taso, ko ma ya ƙyale ta. Abincin nan na kullum da lemon nan su suka buɗe masa ƙofa tun yanzu. Ya ce baƙin wuyan ma alama ce, ba dauɗa ba. Ya ce ba ita kaɗai ba ce, yana ganin yara irinta. Za ta rayu, amma da allura, da awo, da kula da abin da ke shiga bakinta.

Muka fito baranda. Hajiya ta zauna a ƙasa da tsadadden leshinta, ta ce, "Soson ƙarfe, Habsu. Da soson ƙarfe na sa ta cuɗa. Amana kuka ba ni, na kashe maku ita da kuɗina."

Na ce, "Hajiya, ke ba ki gani ba. Ni na gani, na je na sayo."

Ta ce in tafi da ita gida in na so. Na yi tunani. Allurar tana son sanyi, ɗakina ba firigo. Likitan da ya san ta yana nan, lakol ɗinta tana nan. Na ce a'a, ita ba za ta tafi ba. Ni ce ba zan koma ba.

A rana ta uku ina ba Balkisa ruwa da cokali, ta tsura mani ido. Na so in kau da kai, na hana kaina.

"Ashe kin san sunana," ta ce.

"Ina cikin ɗaki aka faɗe shi ran suna. Na riƙe."

"Na ɗauka ba ki so na ne."

Na ajiye cokalin. Duk shekarun nan ina ganin kowa ya san abin da kunya take nufi. Ban taɓa tunanin yarinyar da ta tashi a Kwatano ba wanda ya gaya mata.

Yanzu wata na bakwai ke nan. An yi ruwan shuka a Gangara ba ni, abin da bai taɓa faruwa ba tun ina budurwa. Ran da maigida ya aiko cewa gero ya tsiro, na shiga madafa na yi kukana. Kuma kada ku ɗauka an gama. In mun gitta mai shawarma har yanzu wuyanta sai ya juya. Ran nan na tsinci kwalbar lemo a ƙarƙashin katifarta, muka yi faɗa sosai, ta ce na takura mata, na ce na takura ɗin. Bayan ta buga ƙofa na zauna ina mamaki: wai ni ce nake faɗa da ita baki da baki.

Labari ya kai gida, don maigida ya ji ni ina ƙwala mata kira a cikin wani saƙo, kuma a gaban mata ya buɗe shi. Maƙwabciyata Ta-Salla ta aiko tana dariya: "An ce kunyar Habsu ta faɗa kogin Gaya tare da gero!" Na ce a gaya mata gaskiya ne, kuma geron kaɗai nake nema.

Jiya na yi kwaɗon zogale da ɗan kifi, na tuƙa tuwo ɗan daidai yadda malamar ta auna mani da tafin hannu. Na tsaya a tsakar gida na ce, "Balkisa! Fito ki ci tun da zafi." Ta fito tana jan ƙafa, ta zauna, muka sa hannu a kwano ɗaya. Ta kai loma, ta yatsine fuska.

"Inna," ta ce, "wai ke ba ki san gishiri ba ne?"

Na miƙa mata gishirin. Inna ta ce, ba Tanti ba; sai da na zubar da rabi.